Kwalaben Citta da Kujerar Makka

Shekarar da ƙanena ya biya mana kujerar Makka, ni da Malam, kanta shida nake da su cike da kwalabe a ɗakin bincike, kuma babu mai iya taɓa su sai ni.

Malam shi ne mahaifina. Malamin allo ne a Unguwar Shanu, a zauren gidanmu ya karantar da mutane har idonsa ya yi rauni. Mu 'ya'yansa ma Malam muke ce masa. Shi ya tsaya kai da fata na yi boko har na ƙure shi, na karanci kimiyyar tsirrai, na dawo Kaduna na kama aikin gwamnati. Bai taɓa fahimtar aikin sosai ba. In abokansa sun tambaye shi, sai ya ce, "Noma take yi a cikin kwalba." Su yi dariya, shi ma ya yi, amma ban taɓa samun bayanin da ya fi nasa ba.

Abin da nake yi shi ne, in yanko ɗan ƙanƙanin tohon shuka, wanda bai kai ƙwayar gero ba, in wanke shi da sinadari, in dasa shi a kwalba a kan wani abinci mai kama da kunun da ya daskare. In an yi dace, sai ya tsiro babu cutar da uwarsa take ɗauke da ita. Tsiro ɗaya ya zama biyar, a raba su, kowanne ya sake zama biyar. Wahalar ita ce abincin ƙarewa yake yi. Kowace kwalba mako huɗu take ɗauka, daga nan sai an sauya wa tsiron sabuwa, in ba haka ba ya yi rawaya ya mutu. Na raba kwalaben kashi huɗu, don haka kowane mako akwai kashin da lokacinsa ya yi.

Cittar ta zo hannuna ne ta wajen wata dattijuwa manomiya daga kudancin jihar nan. Ruɓa ta shiga gonakinsu ta cinye iri. Ta biyo motar kasuwa har ofishinmu da citta ƙulle a bakin zane, 'yan guntaye da suka tsira a gefen gonarta. Ta kwance ƙullin a kan teburina ta ce, "'Yata, an ce ke kina wanke iri. Wannan na uwata ne, tun ina yarinya shi muke shukawa. Kada ya ƙare a hannuna." Na ce mata zan gwada. Daga waɗannan guntayen duk kantocin nan shida suka fito.

Lokacin mu uku ne a ɗakin. Ɗaya ya samu aiki a ƙasar waje ya tafi. Ɗayar ta yi ritaya. Aka ce an dakatar da ɗaukar ma'aikata, in yi haƙuri. Sai ya rage ni da Iya, dattijuwar da take wanke kwalabe da share ɗakin, wadda take zuwa daga Kinkinau kullum tun kafin in iso. Shekara uku ban kwana uku a jere a wajen Kaduna ba. Bikin dangi a Sakkwato, sunan 'yar ƙanwata a Katsina, duk sai dai in aika da saƙo. Mijina ya daina tambayata ko za mu je gida da salla, sai ya kwashi yara su tafi. In an ɗauke wuta ranar Asabar, daga gidanmu a Kurmin Mashi nake hawa Keke Napep in je in tabbatar an tada janareto, don zafi kashe su yake yi.

Ranar da ƙanena ya kawo labarin kujerar, a tsakar gida muka sami Malam yana jan carbi. Ya ajiye carbin. Sannan ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji muryata.

"Ke za ki riƙe mini hannu," ya ce. "Tun rasuwar uwarku ke kika san maganina, ke kika san abin da cikina yake karɓa. Na roƙi Allah in yi ɗawafi kina gefena."

Na ce, "In sha Allahu, Malam." Ina faɗa ina lissafin makonni a zuciyata. Alhazan jiharmu sukan yi mako biyar, wani lokaci shida. Kowace kwalba za ta wuce lokacinta.

Washegari na rubuta takardar neman hutu na kai wa darakta da hannuna. Mutum ne mai kirki, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya karanta, ya yi mini murna, ya ce hutu haƙƙina ne, yanzu zai sa hannu.

Na ce, "Yallaɓai, kwalaben fa?"

"Ki rufe ɗakin. In kin dawo kya sake sabon lale."

"Babu inda zan sake samun irin. Gonar da aka ɗebo shi ta ƙare."

"To me kike so in yi, Dakta? Ba ni da mutum."

Na ce a ba ni izini in koya wa Iya. Ya cire gilashinsa ya ajiye. Ya ce mai shara ba ta da hurumin zama a teburin gwaji, in wani abu ya faru shi za a tambaya. Sannan ya sassauta murya ya ce shi dai bai cika leƙowa ɓangarenmu ba. Na gane, na yi godiya na fito.

Wata biyu muka yi da Iya muna gwadawa. Sai an tashi daga aiki, mu kulle ƙofa, in sa mata takunkumi da safar hannu, ta zauna a gaban teburin da iska mai tsabta take busowa. Na nuna mata yadda ake gasa hantsaki a wuta, yadda ake buɗe kwalba ba tare da hannu ya bi ta saman bakinta ba, yadda ba a magana ko numfashi mai ƙarfi. Hannunta ya fi nawa natsuwa, mace ce da ta shekara tana tsince shinkafa da ɗinkin hula. Amma abin da ake tsoro a aikin nan ba a ganin sa da ido. Sai bayan kwana biyar kwalba take faɗin gaskiya.

Goma na farko da ta yi, duk fumfuna ta rufe su, fara sol kamar auduga. Goma na biyu, takwas suka lalace. Ta tsaya a gaban kantar tana kallon su, ta ce, "Dakta, wallahi na wanke hannu har gwiwa."

"Na sani, Iya. Ni ma haka na fara."

"Wata nawa kika yi kafin ki iya?"

Ban so in faɗa ba, amma na faɗa. Na ce kusan shekara. Ta ɗauki kwalaben da suka lalace ta kai wajen wanki.

Na nemi taimako a wasu wurare. Na kira wata abokiyar karatuna a Zariya, ta ce ɗakinsu ya cika, kuma ba za ta iya baro ɗalibanta ba. Na gwada rage sanyin ɗakin don tsiron ya yi jinkirin girma, na gwada a kwalabe kaɗan, suka yi baƙi daga gindi. Mijina ya ce, "Citta ce fa. Mahaifinki guda ne." Gaskiya ya faɗa. Na sha tsayawa a ƙofar ɗakin da makulli a hannuna ina cewa gobe zan rufe in tafi. Sai in tuna dattijuwar nan tana kwance bakin zanenta, sai in sake shiga.

Saura mako uku a fara tashi na je Unguwar Shanu bayan la'asar. Na durƙusa a bakin tabarmarsa na faɗa masa komai, ban ɓoye ba, ban kuma ƙawata ba. Ya saurara har na gama.

"Matar nan amana ta ba ki?"

"E, Malam."

"Kin ce mata kin karɓa?"

"Na ce zan gwada."

"Kin karɓa ke nan." Ya lalubi butarsa ya matsar da ita gefe, ba don tana tare masa komai ba. "Ki gaya wa ƙanenki ya shirya. Ki rubuta masa magungunan da manyan baƙaƙe."

Na so ya yi faɗa. Da ya yi, da na samu abin da zan jingina da shi in tafi. Bai yi ba.

Aka mayar da kujerata ta zama ta ƙanena. Na raka su sansanin alhazai ranar Talata, na gyara wa Malam jakar wuyansa, na sa masa maganin ido a aljihun gaba. Daga can na wuce ofis, don kashi na biyu ranar lokacinsa ya cika. Na zauna a tebur da takunkumi a fuskata, hawaye suna jiƙa shi, dole na fita na sauya wani don kada in ɓata kwalaben.

Ranar Arfa ƙanena ya kira ni, ya ba Malam wayar. Hayaniya ta cika wajen, da ƙyar nake jin sa. Ya ce, "Na yi miki addu'a. Na ce Allah ya kawo wanda zai karɓe ki." Layin ya katse kafin in ce amin.

Sun dawo lafiya, sai dai Malam ya dawo da tari, kuma a keken marasa lafiya aka yi masa yawancin ɗawafi. Ƙanena ya ce sau biyu ya rikita maganin safe da na rana. Ya faɗa ne yana dariya, ni ban yi ba. Malam ya kawo mini tsarabar dabino da abin salla, bai taɓa tada maganar ba har ya bar duniya shekara biyu bayan haka. A ofis kuwa masinjoji sun ci gaba da ce mini Hajiya kamar yadda suke ce wa kowace babbar ma'aikaciya, ina amsawa.

Da damina ta gaba ta ƙarato, na fitar da kashin farko daga kwalba, na raine su a tukwanen leda a inuwar bayan ɗakin har suka saba da iska. Dattijuwa mai cittar ba ta iya zuwa ba, ƙafa ta kama ta. Surukarta ce ta zo da kwanduna. Ta ce in ƙara musu baɗi, maƙwabta sun ji labari, kowa yana so. Darakta ya ji daɗi ƙwarai, ya sa aka ɗauki hoto, ya rubuta a rahoto cewa za a faɗaɗa aikin. Aka kawo ƙarin kantoci biyu. Mutum dai ba a kawo ba.

Iya ba ta daina ba. Ita da kanta take kulle ƙofa in an tashi, ta ɗauko takunkuminta daga cikin jakarta. Yanzu a cikin goma, bakwai suna fita lafiya, wani mako takwas. Da wannan na samu na je Katsina na kwana huɗu bara, na ga 'yar ƙanwata da na rasa bikin sunanta, ga shi har ta shiga makaranta. Yarinyar ta ɓuya a bayan uwarta, ta ƙi zuwa wajena.

A watan jiya takardar Iya ta fito daga sakatariya, shekarunta na aiki sun cika, za ta ajiye aiki a ƙarshen shekara. Ita ta kawo mini takardar in karanta mata. Na karanta, ta ninke ta sa a jaka, ta tambaye ni kashi na nawa ne yau. Na ce na uku. Ta tafi ta kunna wutar gasa hantsaki.