Sitek ɗin Kawu Kuku

Kawuna shekara talatin ya yi yana girki a otal, shi ya sa kowa ke ce masa Kuku, har matarsa Inna. A bakinsa na fara jin kalmar sitek. In ka kuskura ka ce ai gasasshen nama ne kawai, ka taɓo wa kanka.

"Kai, rufe mana baki! Yanka guda ne daga gadon bayan bijimin sa, kaurin tafin hannu. A ɗora a kasko mai zafi, a juya sau ɗaya, a bar shi ya huta. Mutum ɗaya ke cinye shi."

"Mutum ɗaya?" in ji Inna. "Allah wadaran rowa!"

Shi ke nan kalmar ta zauna a gidan. Yaro ya ɓuya bayan ƙofa da rake, sai ka ji an ce, "Wane yana sitek." Mu dai dariya muke yi. Shi kuwa abin na cin ransa, don Inna ba ta taɓa ɗanɗana girkinsa ba. Murhun gida nata ne, ko cokali ba ta bari ya ɗauka.

Ranar da ya ajiye aiki ya shigo da yanka guda a takarda, da tsohon kaskonsa a hammata. Ya ce yau dai sai ta ci. Ta ba shi murhu tana tsaki. Wayyo, ƙamshin nan! Har yau ina kewarsa. Ya shimfiɗa ƙyalle, ya ajiye mata faranti da wuƙa, ya koma gefe ya tsaya, hannu a baya.

Inna ta dubi naman, ta dube mu, mun yi cirko-cirko muna haɗiyar yawu. Sai ta hau yanka shi ƙanana tana miƙa wa kowa, har 'yar maƙwabta da ta zo aron tsintsiya. Fuskar Kawu ta canza. Wallahi na ji haushinta, duk da nawa rabon yana bakina.

Ɗan guntun gefe ne ya rage. Ta jefa a baki, ta daɗe tana taunawa.

"Kuku," ta ce, "ashe ka iya girki."

Kawu ya ɗauki kaskonsa ya tafi bakin famfo. Ya jima a can, ya ba mu baya.