Pad na Biyu

Wasu shekaru can baya, hawan jini ya kayar da abokina a ƙofar gidansa a Bungudu, ya farfaɗo ɓarinsa na dama ba ya aiki. Da aka yi ta magani ƙafar ta ɗan dawo, yana jan ta da sanda, bakin ma ya miƙe. Hannun ne ya ƙi. Da shi yake cin tuwo, da shi yake gaisawa da mutane, don haka ya daina fita cikin jama'a, ya koma zaman zaure. A asibiti a Gusau an ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa, aka ce ya riƙa zuwa ana motsa masa yatsun. Aka kuma ja masa kunne cewa watannin farko su ne na aiki, wanda ya yi wasa da su yakan yi asarar da ba ta dawowa.

Waɗanda suka san ni yanzu da buhunan wake da gero ba za su yarda ba, amma ni da wannan aboki nawa mun taɓa riƙe gidan gem a Sabon Gari, zamanin da gashinmu yake baƙi. Talabijin biyu, benci, da akwatunan gem irin masu cin faifai. In yara suka tafi makaranta shago ya yi shiru, sai mu biyu ƙatti mu zauna mu yi ta buga ƙwallo har a kira azahar. Ya fi ni iyawa, ba na musu. Babban yatsansa na dama kamar yana da ido.

To, da na ga ƙwallon robar nan ta gundure shi, yana matsa ta yana tsaki, sai dabara ta faɗo mini. Akwatunanmu sun daɗe da mutuwa, amma akwai tsohuwar kwamfutar da 'yata ta bari a gida da ta yi aure. Na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa, ya zuba mini abin da ake kira emuleta. Wata manhaja ce da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi tsohon akwatin gem, har ta buga wasanninsa. Ya sa mini wasan ƙwallonmu na da, na sayi pad irin tagwayen nan baƙaƙe masu waya ɗaya, wato abin riƙewar mai maɓallai. Ya ce in zauna ya saita mini komai. Na ce masa ya bar shi, ni da na riƙe gidan gem tun kafin ya san hanyar kasuwa.

Na sha wuya, kuma ni na jawo wa kaina. Da farko fuskar kwamfutar baƙi ƙirin, ashe wani ɗan fayil ne ban nuna mata inda yake ba. Da hoto ya fito, 'yan wasan suka dinga gudu kamar an sako musu karnuka, sai da na gano inda ake rage saurin. Murya kuma tana kakarewa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Ina zaune a shagona tsakanin buhuna, tabarau a kan hanci, ina bin Turancin da rabinsa ban gane ba, har komai ya daidaita. Saura saitin pad. A nan ana danna wani ɗan akwati a fuskar kwamfutar, ya tsaya yana jira, sai ka danna maɓallin da kake so a pad, ya rubuta sunansa. Na yi wa ɗan wasa na ɗaya. Na fara wa na biyu, wani ya zo auna wake, na tashi na sallame shi, na dawo na ƙarasa. Na gwada wasa ni kaɗai da pad ɗaya, ya yi daidai, na rufe ina jin kaina.

Da hantsi na shiga mota zuwa Bungudu. Na same shi a zaure, hannun yana kwance a cinya.

Ya ce, "Kai ɗan Tsafe, mi ka kwaso muna cikin jaka? In wake ne mai ƙwari, koma da abinka."

Na buɗe kwamfutar na kunna. Da kiɗan farkon wasan ya tashi, fuskarsa ta canja. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin ciwon.

"La ilaha illallahu. Wanga abu yana nan duniya? Miƙo, miƙo in tuna maka da matsayinka."

Na ɗora masa pad na biyu a cinya, na gyara masa yatsun dama a kai. Muka fara. Na bar masa ƙwallo da gangan, na ɗage yatsuna daga maɓallaina gaba ɗaya don ya samu ya ci. Ɗan wasansa ya ɗauki ƙwallo ya ruga, hagu, dama, duk yana yi, don hannun hagu ne ke tuƙi. Ya iso gaban raga. Na ce, "Buga!" Na ga babban yatsan yana rawa a kan maɓallin. Ɗan wasan bai buga ba, ya wuce da ƙwallon har waje.

Muka sake. Haka. Muka kuma sakewa, gumi ya keto masa a goshi, jijiyar wuyansa ta tashi, yana danna yatsan da duk ƙarfin da Allah ya bar masa. Ɗan wasan yana gudu, ba ya bugu. Ni kuma ina kallon maɓallin, na kasa tantancewa ko yana nutsewa ko ba ya nutsewa.

Ya saki pad ɗin ya zame ƙasa. Ya ce a hankali, "Kashe."

Na ce, "Alhaji, ƙila..."

"Kashe, na ce. Likita na iya lallashi na. Kai ma kana iyawa. Wagga aba ba ta san ni ba balle ta ji tausayina. Hagu ta amsa, dama ba ta amsa ba. Mi ya rage?"

Na san abin da za ku ce, don ni ma na faɗa wa kaina sau ba adadi. Pad ɗin yana nan a kan tabarma kusa da ƙafata. In ɗauka in danna da lafiyayyen yatsana, magana ta ƙare. Wallahi hannuna ya tafi zai ɗauka, sai tsoro ya riƙe ni. Na ce a raina, in na danna ɗan wasan ya buga fa? Ke nan ni da kaina, a gaban idonsa, na tabbatar masa hannunsa ya mutu. Na naɗe wayoyin na cusa a jaka, na yi masa sallama, bai ɗago ba.

Da na koma Gusau na ɗora jakar a kan kabad, na daina kallon wajen. Duk lokacin da na shiga ɗakin sai in ji kamar akwai wani abu mai rai a cikinta. Na ƙirƙiri tafiya Tsafe sayen wake, na sauka gidan yayata, na gama abin da ya kai ni na ci gaba da zama, har ta tambaye ni ko mun yi faɗa da iyalina ne. In waya ta yi ƙara na ga lambar Bungudu, sai in bar ta ta katse. Ina gaya wa kaina wai ina ba shi lokaci ya huce. Makonni suka shige a haka.

Ranar da na dawo Gusau kiran ya sake shigowa, na daure na ɗauka. Mai ɗakinsa ce.

Ta ce, "Alhaji, don girman Allah mi kuka yi da mutuminka ran nan?"

Na ce, "Lafiya, Hajiya?"

"Ina lafiya? Tun tafiyarka ya ba jikoki ƙwallon robar suna wasa da ita. Asibiti ya ce ba ya komawa, wai ɓata man mota ne. Hannun ya naɗe shi cikin riga, ko ni ba ya bari in taɓa. Yatsun sun fara lanƙwashewa, Alhaji. Ina gani da idona."

Na sauko da jakar, na kai ta shago, na rufe ƙofa ɗaya da rana tsaka kamar mai shirin sata. Na kunna wasan, na ɗauki pad na biyu, na kai ɗan wasan gaban raga. Na daɗe yatsana yana kan maɓallin kafin na yi bisimilla na danna.

Bai buga ba.

Na sake dannawa da ƙarfi, na danna sauran maɓallai ukun na hannun dama. Babu wanda ya amsa. Na jawo pad na ɗaya na taɓa maɓallin bugu, sai ga ɗan wasan abokina ya narka ƙwallo a raga. Nan na gane. Ranar da mai sayen wake ya katse ni, na riga na saita tuƙi da pad na biyu, da na dawo sai na ɗauki na ɗaya na ƙarasa, tun da kamarsu ɗaya kuma sunansu ɗaya a cikin manhajar. Duk maɓallan hannun damansa suna kan pad ɗina. Ni kuma, don kirki, na ɗage yatsuna.

Na zauna a kan buhu ina dariya, hawaye na zuba. Amma da na shiga motar Bungudu, kafin ta fita Gusau wani sabon tsoron ya kama ni. Yanzu in na gyara ya danna bai yi ba, babu sauran abin da zan ɗora wa laifi. Har Shaiɗan ya raɗa mini in bar saitin yadda yake, in riƙa danna masa a ɓoye yana murna. Na yi ta juya maganar har muka shiga Bungudu. Abin da ya hana ni, na san mutumina. Zai kama ni, kuma daga ranar ko gaskiya na faɗa masa ba zai yarda ba.

Ya rame. Da ya ga jakar ya juya fuska bango.

"In ka buɗe ta a nan, zumuncinmu ya ƙare."

Na ce, "Ya ƙare ɗin, amma sai ka danna wannan da hagunka tukuna."

Na kunna, na tura masa pad ɗin. Ya daɗe yana hararata, sannan ya sa lafiyayyen yatsan hagu ya danna maɓallin bugu don ya rabu da ni. Shiru. Ya sake. Shiru. Na ɗaga nawa sama inda zai gani, na danna, ɗan wasansa ya buga.

Ya dubi kwamfutar, ya dube ni.

"Kai. Kai ɗan Tsafe. Wai kai ne injiniyan?"

"Ni ne."

"Tun muna Sabon Gari na sani ko fitila ba ka iya haɗawa. Allah ya isa tsakanina da wanda ya sayar maka da tabarau."

Na buɗe wurin saiti, na ajiye pad ɗina can bakin ƙofa, na nuna masa ɗan akwatin. Na ce zan danna shi ya tsaya jira, duk maɓallin da aka taɓa zai rubuta, kuma ba ni zan taɓa ba. Sannan ya sa hagu ya zaro hannun daga cikin riga. Na ga yadda yatsun suka dunƙule. Ya ɗora babban yatsan a kan maɓallin da kansa.

Akwatin ba ya jira da yawa, in ba a danna ba sai ya koma yadda yake. Ya koma. Na sake buɗewa, ya koma. Ina ta karanto duk addu'ar da ta zo mini. Hajiya tana tsaye a bayan labule, ina jin numfashinta. Ya ce, "Sake." Na sake. Ya runtse ido, kafaɗarsa duka ta karkata kan yatsan nan guda.

Rubutu ya fito a cikin akwatin.

Can ya ce, "Saura uku. Buɗe na gaba, kuma ka janye hannunka in gani."

A makon ya koma asibiti. Babban yatsan ya dawo, manuni da na tsakiya suka biyo baya a hankali. Na ƙarshen biyu ba su buɗe ba, har yau suna lanƙwashe a tafinsa. Mai motsa masa hannun ta yi faɗa sosai a kan makonnin da ya yi bai zo ba. Da na tambaye ta a gefe ko su ne suka ci yatsun biyu, ta ce wannan Allah kaɗai ya sani, wasu ko ba su yi fashi ba haka suke tsayawa.

Kuskuren saiti kowa na iya yi, ba ya hana ni barci. Abin da yake damuna shi ne pad ɗin nan a kusa da ƙafata, da ni da na naɗe shi na gudu. A lokacin na ɗauka abokina nake tausaya wa. Da na tsufa kaɗan na gane kaina nake karewa, ba na so mummunan labari ya fito ta hannuna, sai na bar shi da mafi muni ya kwana da shi shi kaɗai. Yanzu in ana jin tsoron duba wani abu, sakamakon asibiti ne ko mene ne, ni ne mai cewa a buɗe yanzu, ko da jikina na rawa.

Muna buga ƙwallonmu har yau in na je Bungudu, kuma da yatsu uku yake cinye ni. Bai taɓa tambayata me ya sa ban gwada pad ɗin a ranar ba. Ni kuma duk sanda zan miƙa masa, idona sai ya sauka a kan yatsun nan biyu, in ji kamar muna ranar nan da na naɗe shi na gudu.