Gashin Gwaji

Bangon da ke tsakanin shagon Tela da ɗakin Kawu Tsatsa siriri ne, ko tari aka yi a can sai Tela ya ce sannu. Ran nan da hantsi yana tsakiyar ɗinkin wuyan riga sai ya ji murya ta tashi, ya ɗage ƙafa daga keken.

Faɗa a kan asake ba sabon abu ba ne a gidan. Abin da ya sa Tela ya kasa kunne shi ne yau lamarin ya juye. Kawu ne ke rantsuwa gobe zai kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ya kwashe su kaf. Matarsa Gwaggo kuwa, wadda ta shekara da shekaru tana fatan ɓarawo ya shigo ya raba ta da su, ita ce ke cewa ba mai fita da ko ɗaya tana da rai.

"Hannuna ya mutu, Hajiya," in ji Kawu, da ƙarfi kamar mai kiran wani a ƙetaren titi. "Askar da ta kasa yanke gashi ɗaya, wa zai ba ta wuyansa?"

Tun da ya yi ritaya daga gidan waya, Kawu ya zama mai jinyar asake. Yakan bi masu tsofaffin kaya ya tsinto irin masu naɗewa ɗin nan da tsatsa ta cinye, abin da ya jawo masa laƙabinsa ke nan. Sai ya jiƙa aska a mai, ya kankare ta, ya sassaƙa mata sabuwar ƙota ta ƙaho, ya wasa a dutse mai kaushi, ya koma mai laushi, ya ƙarasa a kan wani tsohon bel na fata da ke rataye a ƙusa. Sannan gwaji. Zai zaro gashi ɗaya daga matajin Gwaggo, ya ɗora shi a hankali a bakin askar. In ya rabu biyu da kansa, aska ta warke. Shi dai sanƙo gare shi, kuma ya ce gashin kowa in ba nata ba ƙarya yake yi.

To, 'yan watannin nan gashin ya daina rabuwa. Sai ya zame ya faɗi ƙasa lafiya lau.

Tela ya san dalili, domin matarsa ce ke yi wa Gwaggo kitso. Tun rashin lafiyar bara gashin tsohuwar ya zube, take sa a ƙara mata na kanti. Ta rantsar da mai kitso kada kowa ya ji, ita kuma ta rantsar da mijinta kafin ta ba shi labari. Gashin roba ne Kawu ke ta ɗora wa asakensa.

Tela ya zauna yana juya abin. In ya faɗa, ya kunyata Gwaggo, kuma a gidansa ba zai sha da daɗi ba. In ya yi shiru, gobe asake sun tafi, a bar tsoho da zaman banza. Ya shafa gemunsa na kwanaki, sai dabara ta faɗo masa: ya kai kansa a yi masa aski. Shi da ko allurar asibiti sai an riƙe shi! Ya gaya wa kansa don zumunci zai yi, amma can ƙasan ransa akwai daɗin zama wanda ya fi kowa sanin abin da ke faruwa a gidan maƙwabta.

Ya yi sallama, ya ce kan mai askinsa ya yi zafi da layi, ko Kawu zai taimaka masa? Kawu ya ce ba ruwansa in an yi jini. Tela ya ce ya yafe.

Aka zaunar da shi kusa da taga, aka lulluɓe masa fuska da tawul mai ɗumi, buroshi ya bi shi da kumfa. Kawu ya zaɓo wata mai baƙar ƙota, ya goga ta a bel gaba da baya, ya ja fatar kumatun Tela da yatsu biyu. Tela ya rufe ido yana karanto duk abin da ya zo bakinsa. Bai ji yanka ba, sai wani ɗan ƙaras-ƙaras kamar ana buɗe ɗinki. Da askar ta sauko maƙogwaro ko yawu bai haɗiya ba.

Gwaggo na tsaye bakin ƙofa, ɗankwalinta ɗaure tamau. Ana goge kumfar ƙarshe ta matso ta leƙa: ko ɗigon jini babu.

"Hannun da ya mutu ke nan, Malam?" ta ce, tun kafin kowa ya tambaye ta.

Kawu ya yi gunaguni, ya ce wataƙila sa'a ce, amma mai ƙarafa ya dakata tukuna. Gwaggo ta shige kicin tana mitar asake sun cinye mata kabad, da murya irin ta wadda ta sauke kaya.

Sai a lokacin Tela ya fara lissafi. Ruwan da aka jiƙa tawul a tafashe ya tarar da shi. Kujerar ma a jikin taga ya same ta, ba a inda ta saba ba. Kuma mutumin da ke faɗa da matarsa, me ya kai bakinsa jikin bango?

Kawu ya rako shi ƙofa, ya waiga wajen kicin, ya rage murya.

"Ni da na tsufa ina ɗaukar gashin matar nan, ka ce ban san na kanti ba? Gara a ce hannuna ne ya gaza. Kai dai bar gemun nan ya tsiro, ina da wasu a cikin mai."