Ranar da Tur Ya Ci Tabaryar Inna

A atiliyenmu, wato shagonmu na aikin ƙarfe da ke unguwar Milezi, akwai doka guda da ba a takawa: sabon shiri ba ya taɓa ƙarfe sai ya fara cin itace. Maigidanmu ne ya kafa ta, tun ranar da aka sauke mana injin tur mai kwamfuta, tsohon hannu, wanda aka hayo da shi gadar Ngeli daga Kusseri. Tur shi ne injin da ke juya sandar ƙarfe, wuƙa tana fere ta har ta zama abin da ake so. Aikina a wurin shi ne in zana abin a kwamfuta in miƙa wa manhaja. Ita ke tsara sauran da kanta, wane gefe za a fara yanka, da wace wuƙa, da wane gudu, sannan ta zubo layukan umarnin da injin zai bi. Tana da saurin tsiya, amma ba ta san injinmu ya tsufa ba. Shi ya sa muke sayen tsofaffin tabare a hannun matan unguwa, mu yanka su daidai tsawon aiki, mu fara gwadawa a kansu.

Wata ranar bazara, da hantsi, sai ga Kawu ya faɗo mana ko sallama bai ƙarasa ba. Ƙanin Inna ne, fataucin shanu yake, garkensa yana can ƙarshen unguwar Gassi. Ya zazzage buhu a kan teburina, sandar famfo ta faɗo gida biyu.

"Ɗiyata, famfon rijiya ya tsaya tun jiya. Shanun nan daga doguwar tafiya suka iso, ko hutawa ba su yi ba."

Na ce a kora su kogi mana. Ya harare ni. Burtalin da suke bi zuwa kogi an gine shi tun bara, katanga ta haɗe da katanga, zagayen kuma ya fi ƙarfin dabbar da ke tangaɗi. Ruwan da ake kawowa a jarka bisa amalanke ko maƙoshinsu ba ya jiƙawa. Sai ya rage murya ya ce jar saniyar nan mai ciki ta kwanta, ta ƙi tashi. Na san ta. Ita kaɗai ce bai taɓa yarda a taya ba.

Maigida ya birkice ma'ajiya kaf, ya fito da sandar ƙarfe guda ɗaya mai kaurin da ake buƙata. Ya ɗaga ta ya ce, "Ma fi," wato babu wata. In ta lalace, sai an haye gada an nemo, kuma ba yau ba.

Na auna karyayyar sandar, na zana. Doguwa ce, tana da siririn wuya kusa da kai, da zare a gindi inda noti ke hawa. Manhaja ta gama tsarinta kafin in kurɓi ruwa, ta nuna min a allo yadda wuƙa za ta bi, komai sumul. Na tashi zuwa lungun da muke jingine tabare. Wayam. Ashe an gama da ta ƙarshe a farkon makon, ba wanda ya ce uffan.

Kawu ya ce, "To ai shi ke nan, sa ƙarfen."

"Ba a gwada ba, Kawu."

"Ba ga shi na gani a allo ba? Ya yi kyau!"

"A allo komai yana yin kyau."

"Ke! Dabbobi na mutuwa kina min zancen tabarya?"

Na juya wurin maigida, shi da ya kafa dokar. Sai ya kau da kai ya ce da larabci, kawuna ne, shanunsa ne, ni zan yanke. Wallahi a lokacin na ji haushinsa fiye da na Kawu. Ni kuma Allah ya yi ni da taurin kai, in aka matsa min sai in ƙara kafewa. Na ja gyalena, na tare kilando a bakin titi, na ce da mai babur ɗin ya kai ni gida ya jira ni.

Na tarar da Inna tana tsakar daka. Tabaryarta ta kirya ce, da ita ta zo daga Damagaram, tsakiyarta ta yi santsi ta sirance saboda riƙo. Na yi mata bayani a tsaitsaye, ina haki. Ta dubi tabaryar, ta dube ni.

"Za ta dawo?"

"Ba za ta dawo ba, Inna."

Ta goge gero daga bakinta da gefen zane, ta miƙo min.

A hanyar komawa muka faɗa cunkoso, wata babbar mota ta mutu a tsakiyar titi. Ina zaune bayan babur da tabarya a kafaɗa kamar mai zuwa faɗa, rana na dukan ƙeyata, ina jin kiran azahar yana tashi daga masallatai. Da na iso, Kawu yana tsaye bakin ƙofa da waya a kunne. Bai kalle ni ba.

Muka yanke tabaryar da zarto, muka ɗaura, na danna. Injin ya ɗauka, garin itace ya fara tashi, ƙamshin kirya ya cika atiliye. Wuƙa ta fere kai, ta shiga ta sassaƙa wuyan nan siriri, sannan ta wuce can gindi ta kama yanka da ƙarfi. Sai na ga itacen yana rawa. Kafin hannuna ya kai jan maɓallin tsayar da inji, ƙas! Rabin tabaryar ya daki murfin injin har sai da maigida ya sunkuya.

Na gane abin nan take. Manhaja ta zaɓi ta fara da wuya don ta rage canjin wuƙa, sai ta bar dogon jikin yana rataye a kan wuri mafi rauni.

Kawu ya ce, "Itace ne! Itace ai karyewa yake yi! Da ƙarfe ne da tuni an gama!"

Wataƙila gaskiyarsa ce. Ƙarfe zai iya jurewa, zai kuma iya lanƙwashewa kaɗan yadda ido ba zai gani ba, sai an ɗaura a famfo ya ci kansa. Na zauna na sauya tsarin da hannu, na mayar da wuya ƙarshe, na rage gudu. Da na ɗago sai wani abu ya faɗo min: gutsuren tabaryar da ya rage bai kai tsawon gwaji ba. Bayan duk wannan rigima, gyararren shirin zai hau ƙarfe ba tare da ya ci itace ba.

Na ce bismilla na ɗaura ƙarfen. Na tsaya da tafin hannuna a kan jan maɓalli, ina sauraron kukan wuƙa. Wayar Kawu ta yi ƙara, ya fita, ya daɗe, ya dawo ya zauna a kan buhu. Ban tambaye shi ba, tsoro nake ji. Wuƙa ta gama jiki, ta yanka zare, sannan ta nufi wuya. Na kafa mata ido har ta janye. Maigida ya ɗauko tsohon notin ya murza, ya hau lafiya lau har gindi.

Na bi Kawu Gassi da sandar a cinyata, har yanzu da ɗuminta. Makaniki ya ɗaura, aka tayar da inji, famfo ya yi tari ya yi tari, sai ruwa ya ɓalle cikin kwami. Shanu suka taso gaba ɗaya, makiyaya na dukansu da sanda don kada su tattake juna. Ina cikin murna, har na fara dariya, sai idona ya kai gindin katanga. An shanya jar fata a ƙasa, an danne gefunanta da duwatsu, ƙudaje na bi.

Kawu ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya ce da la'asar suka yanka ta, gudun kada ta yi mushe. Ɗan cikin namiji ne.

"Da kin ji maganata, da tana cikin masu sha."

"Da na ji maganarka, Kawu, wataƙila da babu mai sha."

Ya ce wataƙila. Ni ma abin da nake da shi ke nan. Har yau ban sani ba, kuma abin yana ci min rai duk lokacin da na ɗaura itace a tur.

Washegari ya aiko wa Inna da cinyar saniyar guda. Ta wanke naman, ta zuba barkono da citta a turmi, ta miƙa hannu bayan ƙofa yadda ta saba. Hannun ya tsaya a iska. Sai ta juyo ta ce in leƙa maƙwabta in aro mata tabarya.