Karkataccen Ɗinkin Goggo Mai Keke

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Lahadi, sha biyu ga watan Yuli, ɗiyarki ta kira ni a waya ta ce, "Anti, Umma ta cika." Ban san lokacin da kofin da ke hannuna ya suɓuce ba. Bayan salati, abin da ya fara faɗo min a rai shi ne Talata. Wa zai buɗe mana shagon ɗinkinki ranar Talata?

Goggo Mai Keke, kin san halin da kika same ni. Bayan gobarar da ta cinye layin shagunanmu ta tafi da ƙanwata, na kulle kaina a ɗaki. Ko maƙwabta suka hura gawayi, sai in toshe hanci in ƙudundune a lungun ɗaki. Kowa ya shigo sai ya ce in cire abin a raina, sai ka ce ƙaya ce. Wasu har sun fara raɗa cewa kaina ya taɓu. Ke kuwa ba ki yi min wa'azi ba. Wata riga kika jefo min a cinya, kika ce, "Na haɗa hannun a baibai, idona ya tsufa. Ki zo shago ranar Talata ki warware min."

Na je ina gunaguni. Na tarar da mata a kan benci tsakanin ƙyallaye da kwandon zare, kowacce da reza da nata karkataccen ɗinkin. Ga wadda ta rasa jariri wajen haihuwa, ga malamar da damuwa ta hana shiga aji. Ba a tambayar kowa komai. Kai a sunkuye, ido a kan zare, sai magana ta fito da kanta. A kan bencin nan na fara ambatar sunan ƙanwata ban shiɗe ba. Ke ce kika raka ni wajen likita, kika ce neman maganin damuwa ba raunin imani ba ne. Ranar da na ce gara da ni wutar ta ci, kika tsayar da keke, kika nuna ni da yatsa, kika ce, "Kul na sake jin kin zagi baiwar Allahn nan a gabana. Ita ma a tausaya mata."

Mun sha tsokanarki. "Goggo, kin tsufa a kan keke, har yau ba ki san hannun dama da na hagu ba?" Sai ki ce, "Ku dai ku warware, iyayen surutu."

Jiya, bayan sadakar bakwai, ɗiyarki ta kawo min makullin shagon da wani buhu na riguna. Ta ce, "Anti, ko da ciwo ya ci ƙarfinta, sai ta sa in jawo mata keke bakin gado. Da gangan take karkatar da su. Idonta ras yake, ita ke zura min zare a allura."

Ashe duk shekarun nan aiki kike ƙirƙirar mana, don kada wata ta ji kunyar cewa ta zo neman taimako.

Tsoro nake ji, Goggo. Buhun bai cika ba, kuma zai ƙare. Tun ranar da kika rasu nake jin ƙaurin hayaƙi inda babu wuta. Ina tunanin matar direba, wadda mijinta ya rasu a hatsari, da sai kwanan nan ta fara ɗago kai ta amsa gaisuwa. In ta zo ta tarar da ƙofa a rufe, na san ɗaki za ta koma, kuma ban da tabbacin ni ma ba zan koma ba.

Gobe Talata. Ban iya ɗinki ba, amma ɗazu na zauna a kujerarki, ɗiyarki ta nuna min yadda ake taka keken. Layin farko ya fito a karkace, ba sai na yi da gangan ba. Na ninke rigar na ajiye wa matar direba.

Allah ya jiƙanki, Goggo, ya yafe kurakuranki, ya yalwata kabarinki, ya yaye miki duk wani ƙunci kamar yadda kika yaye mana. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗiyarki da jikokinki da sauran dangi, Allah ya ba su haƙuri da dangana. Mu kuma matan benci, Allah ya ba mu ƙarfin buɗe ƙofar nan gobe. Amin.