Ruwan da Ya Tsattsafo a Kakangi

Karatuna bai wuce izu goma sha ɗaya ba, saboda haka wanda ya tsinci takardar nan kada ya nemi Larabci a cikinta. Ni mahaƙin rijiya ne, ɗan mahaƙi. Abin da na sani shi ne tafiyar ruwa a cikin ƙasa, da sunan kowace tafiya.

Mutanen gari komai "ruwa ya zo" suke cewa. Mu ba ma faɗin haka. In ya fito daga jikin ramin a hankali, kamar gumi a goshi, sai mu ce ya tsattsafo. Wannan ragowar damina ce da ƙasa ta sha, bazara na yi zai ɗauke. In kuwa daga gindi ya taso yana ture yashi, ya ɓuɓɓugo ke nan, an sami ido. Na taɓa tambayar malaminmu asalin kalmomin nan biyu, ya ce ba sa cikin littafi. Mahaifina ne ya ce daga bakin ruwan aka karɓo su: ka kasa kunne a rami, na farko tsat-tsat yake yi, na biyu ɓul-ɓul.

A sana'armu mahaƙi kaɗai ke ƙasa, kuma kalmar da ya aiko sama ita ce shaida. Ya ce ya tsattsafo, a ci gaba da haƙa. Ya ce ya ɓuɓɓugo, a jawo shi, a yanka akuya, a yi sadaka. Ba wanda ke sauka ya duba. Jarinmu ke nan, ban da dagi da igiya.

Kawuna shi ne mai unguwa a wani ƙauye wajen Kakangi, a bakin daji. Wata shekara, ana gama yankan dawa, ya aiko Birnin Gwari a kira ni. Wani arɗon Fulani ya ce in akwai rijiya za su ci rani a gonakin ƙauyen, shanu su bar masu taki. Na ce, "Kawu, ba a haƙa da kaka. Ƙasa a jiƙe take, ruɗin mutum take yi." Ya ce, "Ubanka ma da surutu ya fara, amma dai ya haƙa. Shiga."

A zurfin gaba shida na tarar da fā, dutse shimfiɗe. Rannan kuma jikin ramin ya fara gumi. Da gari ya waye ruwa ya kai mini gwiwa. Na kwashe shi da ƙwarya, na shafa gindin, a bushe yake. Na san ido yana ƙarƙashin dutsen, na kuma san sai na yi wata biyu ina hura masa wuta ina kwara ruwa kafin ya tsage.

Kawu ya leƙo. "Ɗan nan, barci kake yi a ciki? Me ruwan ya ce?"

Arɗo ma ya leƙo, ya ce, "Mahaƙi, shanuna ba sa jin Hausa. Akwai ko babu? Jibi zan tashi."

Tafin hannuna duk ya sale. Ina jin mata a sama sun riga sun jera tuluna. Na ɗaga kai na ce, "Ya ɓuɓɓugo."

Aka jawo ni. Na ci naman akuyar, har da ƙari.

Wata uku ruwan ya yi. Zafi na shigowa guga ya fara dawowa da taɓo. Fulani suka kaɗa shanunsu zuwa kogi, bayan 'yan maruƙa sun faɗi a hanya. Kawu bai zage ni ba. Da muka haɗu a kasuwa cewa kawai ya yi, "Ashe kai ma ba ka jin Hausar."

Shi da ya tilasta haƙar kaka har yau mai unguwa ne, ana faɗuwa ana gaishe shi. Ni kuwa yasar tsofaffin rijiyoyi ta rage mini, ina kwashe taɓon da wasu suka bari. Bara wani mutumin Kazage ya rasa mahaƙi ya kira ni. Na sami ido na gaske, yana ture yashi har yana taɓa mini ƙafa, na aika kalmar sama. Suka jawo ni, suka ɗaura wa wani igiyar ya sauka ya duba, ina zaune a bakin ramin.