Ledar da Ta Ci Aikin Baba Pyo

Shekara talatin da ɗaya Pyo Dal-su ya yi a wata masaƙa a birnin Daegu. Da aka rufe ta, ya samu gadi a wani rukunin benaye, yana da shekara sittin da uku. Ɗakin gadin kamar akurki. Shi ne share ganye, shi ne rarrabe shara, shi ne karɓar saƙon mutanen da ko gaisuwarsa ba sa amsawa. Mutum ne mai zafin rai, amma ya koyi haɗiyewa, don wata uku-uku ake sabunta masa takardar aiki.

Hannunsa dai bai iya zama ba. Wata rana ya tsinci leda, ya ƙulle tsohon kwabo a ciki, ya tsattsaga bakinta da almakashi, ya yi jegi, abin wasan yara irin na ƙuruciyarsa. Yana cikin buga shi sama da gefen ƙafa, sai Ye-rin, 'yar shekara bakwai, ta sauko daga motarta mai batir.

"Kaka, ba ni in gwada."

Sau biyu ta buga ya faɗi, ta yi dariya har da zama a ƙasa. Kafin mako ya zagayo yara sun fi goma, kowa da ledarsa, motoci da kekuna masu tsada kuwa suna yashe a gindin bishiya.

Maman Ye-rin ce shugabar kwamitin masu gidajen. Ta same shi da tsintsiya a hannu.

"Baba mai gadi, gadi aka ɗauke ka ko tsince-tsince? Motar nan daga waje aka yo odarta. Kwana biyu ta hau, yanzu bola take shura."

"Na wanke ledar, ranki ya daɗe."

"Au, har amsa kake ba ni."

Washegari manaja ya ce ya rubuta takardar ban haƙuri, ya karanta a gaban kwamiti. Ya rubuta. Ya tsaya gaban mutum shida da ya girmi iyayen wasunsu, suna kurɓar kofi, ba wanda ya ce ya zauna. Da ya zo layin da ke cewa ya ɓata tarbiyyar yara, sai ya daina karantawa. Ya ninke takardar.

"Maman Ye-rin, 'yarki darasi huɗu take zuwa bayan an tashi makaranta. Jakarta ta fi ta nauyi. Shekara biyu ina buɗe mata ƙofa, ban taɓa jin dariyarta ba sai a kan ledar nan. Ke yaushe rabon da ki ji?"

Ƙarshen wata ba a sabunta masa takarda ba.

Yanzu motoci yake jerawa a wani fili kusa da kasuwa, a tsaye yini guda, gwiwa na ciwo. Matarsa har yau mita take.

"Da ka karanta musu abinsu ka huta. Bakinka ne ya ja mana."

"Ban yi nadamar ko kalma ɗaya ba," in ji shi, yana tura kwanon shinkafa gefe. "Abin da ke ci mini rai, da zan fita sai da na rusuna musu. Jikin banza, ya riga ya saba."